Hannun Hajiya a Kan Sandar Murji

Akwai maganar da nake ji a bakinku tun kuna yara, kuma har yanzu da wasunku suka fara furfura ba ku daina ba. Wai Hajiya, mahaifiyata, ba ta ƙaunata. Ranar sallar da ta wuce babbar yayarku Sa'adatu ta sake faɗa muna zaune a tsakar gida, tana dariya, wai ita ba ta taɓa ganin uwar da za ta yi shekara da shekaru katanga ɗaya da 'yarta, amma ko sau ɗaya ba ta kira sunanta ba. Na ji ta sarai. Ban tanka ba ne don ranar ƙafafuna sun kumbura, ba ni da ƙarfin doguwar magana. Yanzu da gidan ya yi shiru zan faɗa muku yadda abin yake, in ya so kowa ya riƙe abin da ya ga dama. Gaskiya ne ba ta taɓa kiran sunana ba, kuma ba abin da na so a duniya kamar in ji shi a bakinta. Abin da ba ku sani ba shi ne na taɓa samun damar in tilasta mata, ni da kaina na mayar da damar.

Ni ce 'yar farinta. Ko famfara ban yi ba ita da mahaifina suka kama hanyar hajji ta ƙasa, suka bar ni a Madadi wurin kakata Inna. Mahaifina ya sauke farali, ya rasu a Madina. Ita ba ta da guzurin dawowa, sai ta zauna can tana aikatau a gidan wata tsohuwa Baturkiya da 'ya'yanta suka bari ita kaɗai. Na tashi ina jin labarin uwata kamar yadda ake jin labarin wani gari mai nisa. Wani lokaci alhazai su kawo ƙullin dabino da ɗankwali, su ce Hajiya ta ce a ba yaran gida. Ni kaɗai ce yarinya a gidan nan, amma haka saƙon yake zuwa, a ba yaran gida.

Ta dawo ne a shekarun da gwamnatin soja ta ce kowa ya tsuke bakin aljihunsa, mu da aljihun ma ya riga ya yage. Lokacin ina aure a Kabo, babanku Malam Sani yana koyarwa a firamare, albashi ya zo yau, ya ɓace wata da watanni. Baturkiyar ta rasu, aka kama Hajiya ba takarda, aka saka ta jirgi. Ta sauka a ƙofar gidanmu da jaka ɗaya da wata siririyar sanda mai santsi, tsawon hannu, wadda na ɗauka ta dogarawa ce. Na fito a guje, ni da goyo a bayana. Ta gaisa da maƙwabta ɗaya bayan ɗaya, ta tambayi gajiyarsu da iyalinsu, ta ɗauki jikokinta ta shafa musu kai. Ni kuwa ta dubi gefen kafaɗata ta ce, an same ku lafiya. Ku 'yan yanzu ba za ku gane ba. A wurin mutanenmu na da, uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta wasa da shi, ba ta taɓa shi a gaban mutane, kunya ce, kuma da ita ake gane mace mai tarbiyya. Ni ma da haka na fara da Sa'adatu, don haka na ga ana yi. Amma sauran 'ya'yan fari sun sha goyo kafin a fara jin kunyarsu. Ni an tafi an bar ni, da aka dawo kuma sai kunyar kawai aka kawo mini.

Ta ƙi kwana gidan suruki. Sai ta kama ɗaki a gidan Ladi maƙwabciyarmu, bazawara mai baki kamar reza da zuciya mai kyau, aka fasa katangar da ke tsakaninmu aka sa ƙyauren langa-langa. Ba ta yi sati biyu ba ta gane tukunyarmu ba kullum take hawa murhu ba. Sai ta aiki Ladi da murfin wani tsohon duro wurin maƙeri a Gwarzo, ya bubbuge shi har ya yi tudu a tsakiya kamar an kife ƙwarya. Lokacin an hana shigo da alkama daga waje, burodi ya zama abincin masu hali, amma 'yan noman rani na wajen Garo suna fitar da tasu. Ta sa aka auno, aka kai inji, ta tankaɗe da rariya mai laushi har sau biyu. Sannan ta ɗauko sandar nan, muka ga ashe ba ta dogarawa ba ce.

Ita tana kiran wannan abinci gozlami, yadda ta ji a bakin uwar ɗakinta. Mutanen Kabo suka ce ba za su karya harshensu ba, suka sa masa gurasar Turkawa. Gari ne da gishiri da ruwan ɗumi da ɗan mai, ba yis, ba kanwa. Ta yi ta kwaɓawa, in ka ce ya isa sai ta kama fatar kunnenta ta murza, ta ce Baturkiyar ta ce sai ya yi wannan laushin. Ta rufe da jiƙaƙƙen ƙyalle ya huta, ta cura shi ƙanana kamar ƙwan agwagwa. Sai ta miƙe ƙafa a ƙasa, ta ja wani faffaɗan katako gabanta, ta barbaɗa gari. A nan aikin yake. Ba dannewa take yi ba, naɗe ƙullun take yi a jikin sandar, ta mirgina, tafukanta suna zamewa daga tsakiya zuwa baki, ta warware, ta juya shi, ta sake naɗewa, har ya yi faɗin faifai, ya yi shara-shara kana hango zanen katakon ta cikinsa. Ta zuba ɗanyen alayyafo yankakke a rabi ɗaya, da albasa, da marmasasshen cuku, da attaruhu kaɗan, ta ninko ɗaya rabin ta danne bakin da yatsa. Daga nan ya zama nawa. Ni ce a bakin wuta, in ɗora a kan ƙarfen nan ba mai, in jira ya yi ɗigo-ɗigon ja, in juya, in shafa man shanu, in sauke in yanka huɗu.

Tsakanina da ita bai fi taku biyu ba, amma duk maganar da za ta yi mini sai ta bi ta gidan Ladi.

"Ladi, ki gaya wa mai wutar nan gurasa ake gasawa, ba tubali ba."

"Rabi, kin dai ji," in ji Ladi. "Ni wallahi na gaji da zama tafinta tsakanin Bahaushiya da Bahaushiya. Hajiya, ga ta nan kusa da ke, ko kunnenta ne a gidana?"

"Ke dai faɗa mata."

Haka muka yi shekaru. Masu shayi na bakin tasha suka fara aikowa, ma'aikatan sakatariya suka biyo baya, ranar kasuwar Gwarzo kuwa tun asuba muke tashi. Da cuku ya gagara muka koma awara, da man shanu ya gagara muka koma man gyaɗa, ba wanda ya daina saye don ba wanda yake da abin da ya fi. Da gurasar nan kuka ci, da ita kuka yi makaranta, kuma ita ta cinye mini ido. Hayaƙin kara ya bar mini wannan jan idon da kuke kai ni asibiti a kansa. Ban taɓa son sana'ar nan ba, kada wani ya tashi bayan raina ya ce ina jin daɗinta. Gajiya ce zalla, bayanka ya ƙage, gabanka ya gasu, ka kwanta kana warin albasa. Abin da ya zaunar da ni a bakin murhun nan shi ne nan kaɗai nake samun zama kusa da uwata. Sandar kuwa ba ta taɓa bari na taɓa ba, ni ma ban roƙa ba.

Sai shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a. Gari ya ɗauki harama, gidan giyar bayan tasha ya rufe, maza suka saki gemu, hijabai suka sauka har ƙasa. Mu talakawa mun ɗauka har farashin gero zai ji tsoron Allah, shi kuwa ko a jikinsa. A farkon shekarar nan Hajiya ta faɗi a bakin randa tana alwala. Hawan jini ne, ɓarin jikinta na hagu ya shanye. Bakinta bai karkace sosai ba, tana magana, amma hannun hagu ya mutu murus, tafiya kuma sai da jan gindi. Sana'a ta tsaya cak, don murjin nan da hannu biyu ake yi. Dole na ɗauki sandar, Ladi ta koma bakin wuta. Ni da na yi shekaru ina kallo na ɗauka na iya. Ina fara naɗewa sai ya manne, in na warware ya yage, in bai yage ba tsakiya ta yi kauri baki ya yi kamar yanar gizo. Hajiya tana jingine da bango tana kallo, tana aiko da gyara.

"Ladi, ki ce mata ba daka take yi ba."

"Ladi, ki ce garin ya yi yawa. A'a, yanzu kuma ya yi kaɗan."

Masu shayi suka fara dawo mana da ita, suna cewa wannan ai taliyar da ba a yanka ba ce. Amma ba cinikin ne ya hana ni sakat ba. Na duba na ga matar nan tafiya za ta yi, kuma za ta tafi da sunana a cikinta.

A lokacin an buɗe mana Islamiyyar matan aure, muna zuwa bayan azahar. Ran nan malamarmu, wata yarinya mai ilimi da na girme ta nesa ba kusa ba, ta ɗauko zancen al'adun da ba su da tushe a addini. Ta ce kunyar ɗan fari tana ciki, ɗa yana da haƙƙi a kira shi da sunansa, a nuna masa so a fili, kuma za a tambayi iyaye. Mata suka yi ta dariya suna zungurin juna. Ni ban yi dariya ba. Na dawo gida kamar an hura mini wuta a ƙirji, na tare babanku a zaure ko takalmi bai cire ba.

"Malam, ashe haƙƙina ne. Tunda an ce Shari'a ta zo, ni ma a karɓar mini nawa."

"Rabi, surukata ce fa. Ni da ko idonta ban taɓa kallo ba, ni zan je in yi mata wa'azi?"

"To ka nemo wanda zai yi."

Ya sosa ƙeya, ya ce zai roƙi Liman ya shigo ya duba jikinta ranar Alhamis bayan la'asar, in ya so ya sako zancen cikin nasiha. Da Ladi ta ji ta kama haɓa.

"Rabi, ki ji tsoron Allah. Ki bar tsohuwar nan ta mutu da zanenta a jikinta."

"Ke uwarki ta kira ki, Ladi, har ta gaji ta zage ki. Ni ko zagin ban samu ba."

Ranar Alhamis da sassafe aka aiko wa Ladi da labarin rasuwa a Dugabau, ta ɗauki mayafi ta tafi, ta bar ni da ƙullu kwaɓaɓɓe da wuta da sanda. Na zauna na fara. Na farko ya yage, na dunƙule na sake. Na biyu ya manne a sandar har sai da na kankare shi da wuƙa. Hajiya tana bayana a jikin bango.

"Ladi," ta ce. Shiru. "Ladi!"

Na ƙi cewa Ladi ba ta nan, na ce bari in ga gudun ruwanta. Na ci gaba da danna ƙullun nan da duk haushin da ke cikina, yana yagewa ina dunƙulewa, hawaye yana ɗiga a kan katakon. Sai na ji motsi, irin na buhun da ake ja a ƙasa. Ban waiwaya ba. Ta daɗe tana tahowa, tana nishi, tana hutawa. Can na ji gwiwarta ta taɓa kwankwasona, ƙirjinta ya jingina da bayana, hannunta na dama ya zagayo ya sauka a kan nawa. Tafinta kaushi ne da shi kamar bayan itace, yana rawa, yana da ɗumi. Iyakar wayona ban san taɓin hannun nan ba.

"Sassauta," ta ce.

Ba Ladi, ba mai wuta, ni take wa magana. Na saki yatsuna. Ta tura hannuna gaba, ta zame shi zuwa bakin sandar, ta dawo da shi tsakiya, ta sake turawa. Sai na ji abin da na yi shekaru ina kallo ban gani ba. Ashe ba a danna sandar ko kaɗan, nauyin tafin hannu kawai ake ba ta, ƙullun da kansa yake buɗewa. Hannuna na hagu ya kwaikwayi na dama. Muka warware, ya fito da faɗinsa ba ko huda. Ta ɗora goshinta a tsakiyar bayana ta bar shi nan. Na ji rigata tana jiƙewa a wurin. Ko gumin wahalar tahowa ne, ko wani abu ne, ban sani ba, don na san ina juyowa za ta janye. Haka muka murza sauran, ita a bayana, wuta ta mutu ba wanda ya kula. Da muka ji sallamar wata mai saye a ƙofa ta zare hannunta da sauri, ta kau da kai tana gyara ɗankwali.

Bayan la'asar babanku ya leƙo ya ce Liman ya iso, yana zaure. Ina tsaye da tire a hannu. Na san Hajiya, mace ce mai tsoron Allah. In Liman ya zauna a gabanta ya ce mata haƙƙi ne kuma za a tambaye ta, za ta faɗa. Za ta buɗe baki a gaban surukinta da limamin gari, da rabin jiki, ta ce Rabi, kuma ba za ta sake iya ɗaga ido ta dubi kowa a gidan nan ba. Zan samu abin da na nema tun ina Madadi, amma ƙwato shi zan yi daga hannun matar da ta ja gindi ta ratsa tsakar gida da safe. Na naɗe gurasa huɗu masu zafi a takarda na miƙa wa babanku.

"Ka ba shi haƙuri. Ka ce ya yi mata addu'ar samun sauƙi daga nan, ta gode."

"Ke wace irin mace ce? Kin sa na ɗauko dattijo da girmansa, yanzu ki ce in sallame shi da gurasa?"

"Da zafinta ma. Ka kai kafin ta huce."

Ya yi kwana biyu yana cin magani, ya huce. Hajiya ba ta taɓa sanin abin da ya kawo Liman ba, ko ta sani ba ta nuna ba. Da Ladi ta dawo aka koma gidan jiya, ki ce mata, ki gaya mata. Hannun nan bai sake sauka a kan nawa ba, don na riga na iya, ba sauran dalili. Hajiya ta rasu da kakar shekarar nan, ana yankan gero. Ina wurin, na kasa kunne har numfashinta na ƙarshe. Kalmar shahada ta yi, mutane suka ce ta dace, na ce alhamdulillahi da zuciya ɗaya. Amma ba zan yi muku ƙarya ba, na so a ce ta ƙara kalma ɗaya. Ban samu ba, kuma ni na zaɓi haka. Ya yi mini ciwo ranar, yana yi mini har gobe, sai dai ban taɓa cewa da na sani in bar Liman ya shigo ba.

To wannan ita ce matar da kuke cewa ba ta ƙaunata. Sandar tana nan bayan ƙyauren ɗakina. Masu bugo waya daga Kano suna cewa in karanto musu yadda ake yi su rubuta, ku daina wahalar da ni. Gari da gishiri kowa zai iya faɗa muku, sauran sai mutum ya zo ya zauna a gabana in kama hannunsa, kuma ku hanzarta don nawa ma sun fara rawa.

Ke kuma Sa'adatu, kin sha yi wa ƙannenki ƙorafi wai na fiye kira. Wai kina tsakiyar aiki sai ki ji na ƙwala miki kira, ki taso da hannu duk kumfa ki ce Umma ga ni, me zan yi miki, in ce ba komai, koma. Kin ce tsufa ne. Ba tsufa ba ne. Tun ranar da aka fita da Hajiya na fara, kuma in dai da numfashi a ƙirjina ba zan daina ba, sai ki yi ta haƙuri, Sa'adatu.